Sawun Gwiwa a Ƙofar Mangaza

Ranar Asabar da hantsi aka buɗe mangaza, wato ɗakin ajiyar iri na Madarumfa, kuma da mutane sun san abin da za a tarar, da ba su wahalar da kansu da ɗauko ƙwarya daga gida ba. Bazarar 1973 ce. Daminar da ta wuce ta yi rowa, rumbuna sun daɗe da zama fanko, mata sun koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ba a ci sai da yunwa. Abin da ya rage wa gari kaf shi ne irin gero da gyaɗa da manoma suka tara wuri ɗaya bayan girbi, suka yi rantsuwa ba mai taɓa shi sai hadari ya taso. To, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mai gari ya ce a raba.

Garba ne mai riƙon makulli. Ya ciro shi daga wuyansa, inda yake rataye da igiyar fata wata bakwai, ya buɗe kwaɗo a gaban kowa. Jerin buhunan farko na nan tsaf har rufi. Da aka sauke shi, sai ga bango. Bayan jerin nan babu komai sai kashin ɓera.

Wuri ya kaure. Kwaɗo bai karye ba, ƙofa ba ta ɓalle ba, rufi lafiya lau. Makulli kuwa ɗaya ne a duniya. Na biyun, kowa ya gani da idonsa ranar rantsuwa, lokacin da Alhassan ɗan kasuwa, wanda ya sayo kwaɗon daga Katsina ya ba gari kyauta, ya wulla shi tsakiyar tabki. Lissafi mai sauƙi ne, ko mahaukaci ya iya shi. Kafin azahar shef, shugaban jandarmomi, ya iso daga Maradi, zai tafi da Garba nan take. Da ƙyar mai gari ya roƙi arziki a bar shi a zaurensa zuwa Talata, ko Tanko ya gano wani abu.

Tanko mai bin sawu ne, kamar ubansa. Ya taɓa bin ɓarawon saniya kwana biyu har bayan Sarkin Yamma, ya kuma faɗa wa mutane tun a hanya cewa mutumin gwame ne kuma yana tauna taba. Yanzu gemu ya yi fari, ido ne kawai bai gaza ba. Shi da Garba rana ɗaya aka yi musu kaciya, shekara hamsin suna zagin juna da wasa, ba su taɓa raba akushi ba.

Da ya iso ƙofar mangaza, ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Mutum ɗari sun tattake ta, da jakai, da awaki. Ya tsuguna duk da haka, yana bin gindin bango a hankali. Can a jikin dogarin ƙofa, daidai ƙarƙashin inda kwaɗo ke rataya, akwai ɗan yashi mai laushi da ƙafa ba ta kai ba. A nan ya ga wani ɗan rami mai zagaye, har da zanen saƙar wando a ciki. Gwiwa ce, ta dama, kuma ba ta wuce kwana ɗaya ba.

Ya ɗaga kai. Katakon da ke bayan kwaɗon ya loɓa, kamar an sha gwara ƙarfe a kansa. Bakin kwaɗon ma, inda makulli ke shiga, ya ɗan daku. Tanko bai san ma'anar wannan ba, shi ƙasa ya sani ba ƙarfe ba. Amma ya san mai makulli ba ya durƙusa wa kwaɗo. Ya kuma san abin da duk gari ya manta don fushi, cewa tun shekarar da kurkunu ya ci ƙafar Garba gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasa, ko salla a zaune yake yi. Ya kifa ƙwarya a kan ramin, ya ɗora dutse, kamar yadda masu bin sawu ke yi wa sawun da suke son nuna wa alƙali.

Ya tarar da Garba a zauren mai gari, ƙafa miƙe, yana jan carbi. Matarsa Jummai na tsugune a bakin ƙofa da ɗan kwanon anza da bai ko duba ba.

Tanko ya ce, “Kai tsohon banza, makullin ga ya taɓa barin wuyanka?”

Garba ya ce, “Ko wanka da shi nike yi. Tambayi Jummai, har hushi ta yi da ni, wai na hi son shi da ita.”

“Yaushe ka leƙa mangaza?”

“Kowace Litinin. In buɗe, in ga buhu har ruhi, in maida. Wa za ya ce mini in tono baya?” Ya ajiye carbin. “Tanko, ba kurkuku nike tsoro ba. Jikokina za su tashi ana ce musu jikokin wanda ya cinye irin gari.”

Jummai ta ce, “Malam Tanko, zo ka dubi tukunyata. Da mu munka ɗiba, da ɗiyana na kwana da yunwa?”

Bai je ba, don ya riga ya san abin da ke cikin tukunyar. Ya ce musu su yi haƙuri, ya fita da sauri, saboda ba ya son Garba ya ga idonsa.

Washegari ya zaga bayan mangaza. Nan ƙasa ba ta ɓaci ba, ga sawun ƙafa ba takalmi, mai faɗin yatsu, ya zo ya koma ya fi sau goma. Ya bi shi har bakin tabki, inda ruwa ya janye ya bar laka a tsattsage, sawun ya shiga bukkar Sa'idu masunci. Mutum uku da suka biyo Tanko suka fara naɗe hannun riga.

Sa'idu bai yi musu ba. Ya shiga ya fito da ludayi, a cikinsa ɗan gero gauraye da jar ƙasa, bai kai cikin tafi biyu ba.

Ya ce, “Gidan tururuwa nike tonawa, Baba Tanko. Su ke jawo tsaba ta ƙarƙashin bango, ni ko in bi su in ƙwace. In sata ce, tau, tururuwa na sata wa.”

Ba wanda ya yi dariya. Masu naɗe hannun riga suka sauke, kowa ya kama gabansa. Kafin azahar kuma gari ya sami sabon zance, wai Garba laya ya sayar wa wasu, wai akwai malamin da ke tofa wa ƙarfe ya buɗe. Mutanen Madarumfa sun fi yarda da aljani a kan su yarda cewa kwaɗon Katsina zai yi ƙarya.

Gida ɗaya ne kusa da mangaza, na wata tsohuwa, Delu, wadda ido ya bari amma kunne ya riƙe. Tanko ya same ta a gindin danga tana kaɗi.

Ya ce, “Inna, ba ki taɓa jin motsi ba da dare?”

Ta ce, “Dare lahiya lau nike kwana. Sai dai mai koɗar dutsen niƙan nan na ranar Juma'a, shi ke ba ni haushi. Malalaci ne. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai shi bari. Wane dutse ke koɗuwa da bugu ukku?”

“Wane lokaci?”

“In maza sunka tahi masallaci, gari ya yi tsit. Sai in ji jakai sun tsaya, sai ƙwas ƙwas, sai can in ji sun wuce suna nishi.”

Tanko ya tashi tsaye bai sani ba. Babu dutsen niƙa a wajen nan. Ya tuna katakon da ya loɓa da bakin kwaɗon da ya daku. Wani ne ke durƙusawa da rana tsaka yana bugun kwaɗo, kwaɗo kuma yana buɗe masa. Yadda hakan ke yiwuwa ne bai sani ba, kuma a duk Madarumfa ba wanda zai tambaya.

Litinin da asuba ya hau jaki zuwa Ɗan Issa, inda wani Ɗan Azumi ke gyaran keke da fitila da kwaɗo a bakin tasha. Ɗan Azumi ya saurare shi yana goge hannu, da ya ji zancen bugu uku sai ya daina gogewa. Ya duba hagu da dama, ya ja Tanko bayan rumfa.

Ya ce, “Baba, kwaɗo ba shi da wayo. Cikinai 'yan ƙusoshi ne ƙanana, su ke riƙe shi. Makullin gaskiya shina ɗaga kowace daidai tsawonta. Amma in ka samu makullin wani kwaɗo irin shi, ka goge haƙoran duka da magagari hal ƙasa, ka sa, ka buga, sai ƙusoshin su yi tsalle gaba ɗai. Kahin su sauko ka murɗa. Shi ke nan.”

Ya ɗauko wani kwaɗo irin na mangaza da wani makulli mai gajerun haƙora. Ya zura makullin da kansa, ya miƙa wa Tanko, ya ba shi guntun ƙotar fartanya, ya ce ya riƙe kan makullin da ɗan murɗi kaɗan, ya buga. Bugu na huɗu kwaɗo ya yi tsalle ya buɗe. Tanko ya kusa yar da shi. Ɗan Azumi ya sake zura masa, Tanko ya sake bugawa, kwaɗo ya sake buɗewa. Shekara sittin yana ganin kwaɗo kamar alkawari, ashe abin da ƙotar fartanya ke warwarewa ne.

Ya ce, “Wa ka koya ma wannan daga garinmu?”

Ɗan Azumi ya ce, “Ni don waɗanda makulli ya ɓace ma nike yi. Bayan girbi wani ya zo da kwaɗo biyu iri ɗai, wai na shagonai ya ƙi buɗewa. Ya zauna nan ya kalla, ya gwada, hannunai ya kama da wuri. Alhassan. Wai ku can shina ce muku nan shike zuwa sallar Juma'a? Tau, bai taɓa isowa ba sai bayan la'asar, da jakai da kaya, su ƙetara iyaka.”

“Gobe za ka biyo ni ka hwaɗi haka gaban shef.”

“Wallahi ba ni zuwa. Su ce ni na koya ma ɓarawo sata? Ina da ɗiya shidda, Baba. Ɗauki makullin, kyauta. In anka tambaye ni, ban taɓa ganinka ba.”

Tanko ya roƙe shi da Allah, ya roƙe shi da furfura, bai motsa ba. Ya ɗaure makullin da ƙotar a bakin rawani ya kamo hanya.

Yana tsakiyar hanya hadarin ya haɗu. Ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, irin wanda aka yi wata tara ana roƙo. A kowace shekara da guɗa ake tarbarsa. Da Tanko ya shigo gari sai ya ga mutane tsaye a ƙofofinsu suna kallon ruwa, ba mai guɗa, ga ƙasa ta jiƙe, ba abin da za a zuba mata. Bai tsaya gida ba, ya wuce mangaza. Ruwan indararo ya tono gindin ƙofa, ƙwaryarsa na yawo a cikin kwata. Inda gwiwa take, laka ce kawai.

Talata da hantsi aka taru a ƙofar mangaza. Shef ya zauna a kujera yana duba agogo, motarsa a gefe. Aka kawo Garba yana jan ƙafa, Jummai a bayansa. Aka kira Sa'idu, aka jawo Delu da sanda. Alhassan ya zo da kansa cikin farar riga, ya gai da kowa, har ya tambayi Garba ƙafa. Mutane kuwa sun ƙagu, don ƙasa mai laima ba ta jiran shari'a, kowa na son ya tafi neman ko ɗan mudun iri wajen dangi.

Tanko ya faɗi abin da ya gani. Ya faɗi gwiwa, shef ya ce a nuna masa, ya nuna laka. Ya sa Delu ta faɗi bugu uku, shef ya tambaye ta ko ta ga mai bugun, aka yi dariya. Ya faɗi zancen Ɗan Issa da jakan Juma'a, ya ambaci sunan Alhassan. Wuri ya ɗauki guna-guni.

Alhassan ya ce, “Subhanallahi. Ni da na ba gari kwaɗo? Ni da na jefa makulli tabki? Baba Tanko, abota ba ta kai nan ba. Ina mai shaidarka?”

Babu shi. Shef ya ce, “Tsoho, ni takarda nike rubutawa, ba tatsuniya ba. Ka ce ana buɗe kwaɗon ga ba da makullinai ba. Buɗe in gani, in bar abokinka.”

Aka maida kwaɗo, aka datse. Tanko ya durƙusa a laka, gwiwar dama a ƙasa. Ya tura makullin Ɗan Azumi har ƙarshe, ya ɗan murɗa, ya buga. Ba komai. Ya sake. Ya sake. Ya buga da ƙarfi, ya buga a hankali, ya yi bisimilla ya buga. Gumi ya cika masa ido, ƙotar ta sami yatsansa har jini ya fito. Ya fi sau talatin. Jiya da hannun nan ya buɗe sau biyu, bai san abin da ya sake ba. Yana jin numfashin Garba a bayansa.

Shef ya yi tsaki. Don ya rufe zance ya dubi Alhassan ya ce, “Kai da anka ce gwani ne, karɓa ka gwada.”

Alhassan ya yi murmushi, ya tattara riga, ya karɓa. Tanko yana durƙushe kusa da shi, ido a kan hannunsa, don duban abu ƙanƙane shi ne aikinsa tun yana yaro. Alhassan ya tura makullin har ƙarshe, sai yatsunsa, ba da shawararsa ba, suka jawo shi baya kaɗan, tsawon ƙwayar gero, har ya yi ɗan ƙas. Nan take ya farga. Ya maida shi ciki, ya kama ƙotar kamar bai taɓa riƙe itace ba, ya bubbuga gefen kwaɗo, ya ɗaga kafaɗa. Jama'a suka yi dariya.

Tanko ya gane duka a lokaci ɗaya. Abin da Ɗan Azumi ya yi masa jiya ke nan da ya zura makullin da kansa, hannunsa ya saba har bai ga abin faɗi a ciki ba. Wanda bai taɓa yi ba kuwa ba zai san da shi ba.

Ya ce da ƙarfi, “Kun gani? Ya jawo shi baya! Ranka shi daɗe, sau ɗai, ba ni sau ɗai!”

Ba wanda ya gani. Wa ke kallon yatsu in ba Tanko ba? Shef ya riga ya miƙe, ya ce ya ɓata safiya a kan wasan yara. Tanko ya kama hannun rigarsa, wani jandarma ya ture shi ya zauna a laka. Aka ɗaga Garba aka sa a bayan mota, ƙafarsa da ba ta lanƙwasa ta ƙi shiga sai da aka juya shi a kaikaice. Bai yi kuka ba. Ya dubi Tanko ya ce, “Bari, tsohon banza, ka yi iyakarka. Ka duba mini Jummai.”

Mota ta tashi. Jummai ta bi ta da gudu har bakin kwata, ta tsaya.

Makullin na nan a bakin kwaɗo inda Alhassan ya bar shi. Tanko ya rarrafa ya koma, ba don kowa ba, hannunsa ne ya ƙi haƙura. Ya tura shi har ƙarshe, ya jawo shi baya tsawon ƙwayar gero, ya ɗan murɗa, ya buga sau ɗaya. Kwaɗo ya buɗe.

Ƙarar ba ta da yawa, amma waɗanda ba su watse ba sun ji, suka juyo. Tanko ya ɗaga kwaɗon sama, yana neman wanda zai ruga ya tsai da mota. Sai ya ji muryar Alhassan, a natse, kamar mai jin tausayi.

“Tau, jama'a, kun dai gani da idonku wanda ya iya buɗe shi. Shi da wa ke cin tuwo akushi ɗai?”

Idanu suka dawo kan Tanko, irin kallon da aka yi wa Garba ranar Asabar. Ya sauke hannu, ya dubi hanyar Maradi. Sawun tayar mota na kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sabo, mai zurfi, ko Delu ta iya bin sa da sanda. A duk rayuwarsa bai taɓa samun sawu mai kyau irin wannan ba, kuma ya san ko ya bi shi har ƙarshe ba zai dawo da Garba ba.